Cibiyar Kofi

Ranar Talata, dusar ƙanƙara na zuba a Novy Bor,
Vratislav Kotrba ya shigo shagona da kwalin takalmi.
Ya kwance tsohon gyale ninki uku
kamar mai nuna jariri ranar suna.
"Zdislava, kakata ta ce mu jinin sarauta ne.
Ga shaida. Faɗa min shekarunsa."

Ban fara da tambarin ba.
Mai neman asalin mutum ba ya tambayar rigarsa.
Na kifa kofin, na nemi cibiya,
inda maƙeri ya ɓalle sandar ƙarfe
tun gilashin na da zafi.
Tabon na nan da kaushinsa, ba wanda ya goge.
Na ɗaga shi wajen taga:
kumfa uku sun maƙale a ƙafarsa,
iskar wata safiya da ba mai tuna ta.
Launinsa ba garau ba, ya ɗan yi duhu,
tokar dajin nan ce aka narka da yashi.
Gindinsa ya sha tebura,
karce kan karce, kowa da alƙiblarsa;
na maƙaryata layi ɗaya suke bi, kamar sahu.
Na ƙwanƙwasa da farce, ya amsa a taƙaice,
ba doguwar muryar gilashin dalma ba.

Na ce, "Ɗari uku, ko ya gaza kaɗan."
Ya washe baki.
Na ce, "Zauna tukuna."

Sai na ɗauko madubi na sunkuya kan garkuwar.
Shamuwa ce tsaye da ƙafa ɗaya,
taurari biyu bisa kanta,
bayanta layuka a kwance, wato shuɗi,
don gilashi ba ya da launi sai a yi masa ishara.
Aikin faifan tagulla ne, hannu mai haƙuri,
kowane gashin tsuntsuwar da inuwarsa.
Amma ga wani tsohon karce ya gangaro daga baki,
ya iso garkuwa ya yanke,
ya ɓullo ta ƙasa ya ci gaba da tafiyarsa.
Hanya ta riga gidan da aka gina a kanta.
Kofin ya tsufa kafin a ɗora masa sarauta.

Na ƙirga lu'ulu'un kambin.
Bakwai daraja ce, tara wata darajar.
Wannan takwas ne.
Na sake ƙirgawa da tsinken allura. Takwas.
Na buɗe littattafan tambura huɗu
har shayinmu ya huce,
ba gidan da ya taɓa ɗaukar shamuwar nan.

Bai ce komai ba. Ya fara naɗe gyalen.

Na ce, "Tsaya, ba ni hasken fitilar can."
Ƙarƙashin fiffike, inda ido ba ya zuwa,
haruffa biyu ƙanana kamar ƙwayar riɗi,
A da K, sai shekara: 1884.
"Wa ke da A a gidanku?"
Ya daɗe yana kallon bango.
"Alois. Kakan kakana.
An ce tari ya kashe shi, ƙurar aiki."

Wataƙila wani attajiri ya zo sayen kakanni,
Alois ya karɓi kuɗinsa ya ba shi takwas,
ƙarya mai ɗauke da ƙararrawa a wuya.
Wataƙila attajirin ya ƙirga, ya ƙi karɓa.
Wataƙila hannu ne ya zarce.
Gilashi bai gaya min wannan ba,
ni kuma ba na ƙara gishiri a abin da ya faɗa.

Bai tambayi farashi ba.
Ya ari madubina, ya rufe ido ɗaya,
numfashinsa na dusashe shamuwar,
yana gogewa da hannun riga, yana sake nema.
Da zai fita ya manta kwalin a kan tebur.
Kofin na cikin kwat ɗinsa, wajen ƙirji,
yana taka ƙanƙara a hankali.